Kalmomin Sulhu a Turancin Ingilishi da Nauyin da Kowace ke Ɗora wa Mai Sa Hannu

Gabatarwa

Turancin Ingilishi yana da tarin kalmomi na sasanta rikici, kuma mafi yawansu sun samu ma'anarsu ta yau a kotuna, da teburin diflomasiyya, da ofisoshin ƙwadago. Sashe na 33 na Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka sa wa hannu a 1945, ya jera hanyoyin da ƙasashe za su bi su kashe gardama ba tare da yaƙi ba, ya ambaci *negotiation*, *enquiry*, *mediation*, *conciliation*, *arbitration* da *judicial settlement*. Sashe na 19 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kawo kusan irin wannan jeri cikin manufofin hulɗar ƙasar da ƙasashen waje. Idan aka zo mayar da su Hausa a gidan rediyo ko a zauren kotu, abin da ya fi zuwa bakin tafinta shi ne ya tattara su duka ya ce "sulhu" ko "sasanci". Sauƙin da ke cikin haka yana da tsada, domin kowace daga cikin kalmomin tana auna abin da mutum ya ɗaura wa wuyansa in ya amince da ita. Wannan takarda za ta bi su ta fuska uku: wa ke da ikon yanke magana, me aka dakatar kuma zuwa yaushe, sannan wa ya amsa laifi, kafin ta rufe da afuwa da komawar zumunci.

Asalin kalmomin

Kalmomin hawa biyu ne. Akwai na tsohon Ingilishi, gajeru, waɗanda ake ji a gida da kasuwa: *forgive*, *settle*, *make up*, *sorry*. Kalmar *truce* tana cikinsu, kuma saiwarta ɗaya da *true*, wato alkawari da riƙon amana. Hawa na biyu ya shigo daga Faransanci da Latin bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, lokacin da harshen fada da na shari'a suka koma hannunsu. Daga nan aka samu *peace*, *pardon*, *treaty*, *accord* da *reconcile*. Abin da wannan ya haifar har yau shi ne, Bature kan yi wa ɗan'uwansa magana da hawa na farko, ya rubuta takardar yarjejeniya da hawa na biyu. Haka ma karin magana irin *bury the hatchet*, wato binne gatari, wanda aka ɗauko daga al'adar ƙulla zaman lafiya ta wasu 'yan asalin Amurka ta Arewa, da *olive branch*, reshen zaitun da ke nufin tayin sulhu: ana cin karo da su a kanun jarida, amma ba sa ɗaure kowa a gaban alƙali.

Wa ke da ikon yanke magana

A nan ne bambancin ya fi nauyi, kuma a nan aka fi yin kuskure. A *negotiation* masu rikicin ne kawai a teburi, su ko wakilansu, babu na uku. Tattaunawa ce ta cinikin matsayi, kowa na iya tashi ya fita. A *mediation* an shigo da mai shiga tsakani, amma ba a ba shi ikon hukunci ba. Aikinsa ya saurari kowa, ya keɓe da wannan ya keɓe da wancan, ya rage tazara, har su da kansu su cimma matsaya. In ba su yarda ba, babu abin da ya hau kansu. George Mitchell, tsohon ɗan majalisar dattawan Amurka da ya jagoranci tattaunawar Ireland ta Arewa har aka kai ga yarjejeniyar 10 ga Afrilu 1998, bai da ikon tilasta wa kowa komai. Abin da ya yi shi ne ya sa wa'adi, ya riƙe mutanen a ɗaki har suka sa hannu.

*Conciliation* ita ce mai wuyar kamawa. A dokokin ƙasa da ƙasa, kwamiti ne ke bincika rikicin ya kawo shawarar yadda za a warware, kuma masu rikicin na da damar karɓa ko ƙi. Wato mai wannan aiki yana faɗin ra'ayinsa a fili, abin da mai shiga tsakani kan guje wa. Amma a harkar kasuwanci kalmomin biyu sun daɗe suna cuɗanya, har hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin ciniki, wadda ta fitar da dokar koyi a 2002 da sunan *conciliation*, ta sake mata suna zuwa *mediation* a 2018. Najeriya ta bi sahu. Dokar 1988 mai ɗauke da *Arbitration and Conciliation* a sunanta an soke ta a Mayun 2023, aka maye gurbinta da mai ɗauke da *Arbitration and Mediation*. Duk wanda ke karanta tsohuwar kwangila da sabuwa ya kamata ya san cewa aiki guda ne aka sauya wa suna a wannan fage, alhali a fagen ƙwadago kalmomin biyu suna nan a rabe.

*Arbitration* kuwa wata aba ce daban, kuma fassara ta da "sulhu" ɓatar da mutane ne. Masu rikicin ne ke zaɓen wanda zai raba musu gardama, amma da zarar sun miƙa masa, maganarsa ta zama hukunci. Ana kiran abin da ya yanke *award*, kotu na tilasta bin sa, kuma ba kasafai ake samun damar ɗaukaka ƙara a kan gundarin maganar ba. Yarjejeniyar New York ta 1958 ta sa ana iya zartar da irin wannan hukunci a ƙasashe fiye da 160. Tsohon misali shi ne na 1872, lokacin da wani kwamiti a Geneva ya umarci Birtaniya ta biya Amurka dala miliyan 15.5 saboda ɓarnar da jiragen ruwan yaƙi da aka ƙera a Birtaniya, irin su Alabama, suka yi a yaƙin basasar Amurka. Birtaniya ta biya. Fikihun Musulunci ya riga ya raba waɗannan biyu: sulhu daban, tahkimi daban, kuma malaman Hausa sun san kalmar ta biyu. Ita ce ta fi dacewa da *arbitration*, ko kuma a ce "alƙalancin yarda". Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya sa hannu a kwangilar shigo da kaya mai ɗauke da sharaɗin *arbitration* a Landan ya rufe wa kansa ƙofar babbar kotun Kano ne a kan wannan rikici. In an ce masa sharaɗin na nufin "za a zauna a yi sulhu", an cuce shi tun kafin rikicin ya taso.

Dokar rikicin ƙwadago ta Najeriya ta 1976 ta jera matakan a tsare, ta yadda za a ga hawan ikon da ido. Idan ma'aikata da masu kamfani suka kasa daidaitawa da kansu, sai su nemo *mediator* da duka suka aminta da shi. In bai yi nasara ba, ministan ƙwadago ya naɗa *conciliator*. In abin ya faskara, a tura wa kwamitin *arbitration* na masana'antu, daga nan kuma sai kotun ma'aikata ta ƙasa. Kowane mataki yana ƙwace wani yanki na iko daga hannun masu rikicin ya miƙa wa wani, har a kai ga *adjudication*, inda ba su suka zaɓi alƙalin ba.

Rikicin Bakassi tsakanin Najeriya da Kamaru ya nuna cewa hukunci kaɗai ba ya ƙarasa aikin. Kotun Duniya da ke Hague ta ba Kamaru yankin a ranar 10 ga Oktoba 2002. Wannan *judgment* ne. Amma janye sojoji da makomar mazauna wurin sai da aka koma teburi, Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya yi amfani da abin da ake kira *good offices*, wato babba ya ba da fuskarsa da zaurensa don a haɗu a yi magana. Daga nan aka samu yarjejeniyar Greentree ta 12 ga Yuni 2006, aka kammala miƙa yankin a Agustan 2008.

Abin da ake samu a ƙarshen tattaunawa shi ne *settlement*, kuma lauyoyi kan rubuta *without prejudice* a saman wasiƙun tayi, ma'ana ba za a ɗauki tayin a kai kotu a matsayin shaidar amsa laifi ba. Kalmomi biyu a wannan rukuni suna da baki biyu. *Compromise* na nufin kowa ya sassauta, abin yabo ne, amma in aka ce mutum ya zama *compromised*, an ce ya sayar da mutuncinsa ke nan. *Appeasement* a da lallashi ne kawai. Tun daga yarjejeniyar Munich ta 1938, inda firaministan Birtaniya Neville Chamberlain ya bar wa Hitler wani yanki na Czechoslovakia, kalmar ta zama zargi, kuma ɗan siyasar da aka jefa da ita ya san ana kiransa matsoraci ne.

Me aka dakatar, kuma zuwa yaushe

Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun daidaita a kan "tsagaita wuta", kuma fassara ce mai kyau, sai dai tana ɗaukar kaya fiye da ƙarfinta. *Truce* ɗan hutu ne na faɗa, sau da yawa a wuri guda kuma ba a rubuce ba, kamar wanda sojojin Birtaniya da na Jamus suka yi a wasu sassan fagen daga a Kirsimetin 1914. *Humanitarian pause* dakatawa ce ta sa'o'i ko kwanaki don a shigar da abinci a fitar da masu rauni, kuma kowa ya san za a koma. *Ceasefire* ta fi su nauyi, domin galibi tana zuwa da sharuɗɗa a rubuce da masu sa ido. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ta fito fili a Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya game da Gaza: ƙuduri mai lamba 2712 na Nuwamban 2023 ya tsaya a kan *pauses*, sai a Maris na 2024 ƙuduri mai lamba 2728 ya nemi *ceasefire*. Watanni huɗu aka shafe kafin a iya rubuta kalmar ta biyu, kuma mai sauraron da aka fassara masa duka biyun da lafazi guda ba zai gane abin da ake ja a kai ba.

*Cessation of hostilities* na nufin daina kai hari gaba ɗaya, shi ne sunan da yarjejeniyar Pretoria ta 2 ga Nuwamba 2022 tsakanin gwamnatin Habasha da mayaƙan Tigray ta ɗauka, wadda Olusegun Obasanjo ya shiga tsakani a madadin Tarayyar Afirka. *Armistice* yarjejeniya ce ta hafsoshin soja da ke tsayar da yaƙin baki ɗaya, amma ba ta kashe shi a shari'ance. Ta 11 ga Nuwamba 1918 sai da yarjejeniyar Versailles ta biyo bayanta a 1919. Ta Koriya, wadda aka sa wa hannu a Panmunjom ranar 27 ga Yuli 1953, har yau babu *peace treaty* da ya biyo bayanta, shi ya sa ake cewa Koriyoyin biyu suna cikin yaƙi a takarda.

Wani lokaci ana zaɓen kalma don ta rufa wa kowa asiri. A Ireland ta Arewa an guji *surrender* da *disarmament* aka yi amfani da *decommissioning*, kalmar da ake yi wa jirgin ruwa ko masana'antar da aka sallama daga aiki, domin mayaƙa su rabu da makamai ba tare da an ce sun miƙa wuya ba. Wannan dabara ta yi amfani. Ba kullum take yi ba. Ƙudurin Kwamitin Tsaro mai lamba 242 na Nuwamban 1967 ya nemi Isra'ila ta janye daga *territories occupied*, babu *the* a gaba. Isra'ila ta karanta shi da ma'anar wasu yankuna, ƙasashen Larabawa kuma suka dogara da nassin Faransanci da sauran ƙudurin suka ce duka yankunan ake nufi. Rashin haruffa uku ya sa an samu ƙuri'ar kowa a ranar, ya kuma bar gardamar da ba a kashe ba fiye da shekara hamsin.

Wa ya amsa laifi

*Sorry* tana aiki biyu a Ingilishi: jaje da ba da haƙuri. Wanda ya ce *sorry* ga mai makoki bai ce shi ya kashe mamacin ba. *Regret* takaici ne a kan abin da ya faru, ko da wani ne ya jawo. *Apology* ita ce ke ɗauke da amsa laifi. Gwamnatoci sun san wannan sarai, kuma suna auna kalmomin kamar mai awon zinariya.

A ranar 1 ga Afrilu 2001 jirgin leƙen asirin Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin Sin, matuƙin Sin ya mutu, jirgin Amurka ya sauka a tsibirin Hainan ba da izini ba, aka tsare ma'aikatansa 24. Sin ta nemi *apology*. Amurka ta fara da *regret*, Sin ta ƙi. A ranar 11 ga Afrilu jakadan Amurka Joseph Prueher ya miƙa wasiƙar da ta ƙunshi *very sorry* sau biyu, ɗaya a kan mutuwar matuƙin, ɗaya a kan saukar jirgin ba da sahalewa ba. Kafafen Sin sun fassara ta da lafazin da ke nuna neman afuwa, Amurka kuma ta ce ba ta nemi afuwa ba. Aka saki mutanen, kowace gwamnati ta gaya wa jama'arta cewa ita ta yi nasara.

A Yunin 2013 sakataren harkokin wajen Birtaniya William Hague ya sanar da majalisa cewa za a biya fam miliyan 19.9 ga 'yan Kenya 5,228 da aka azabtar a zamanin tawayen Mau Mau, kuɗin har da na lauyoyi. Ya yi amfani da *regret*, ya kuma ce gwamnati ba ta ɗauki alhakin shari'a ba. A Ostareliya firaminista John Howard ya tsaya a kan *regret* a 1999 game da abin da aka yi wa 'yan asalin ƙasar, sai a ranar 13 ga Fabrairu 2008 magajinsa Kevin Rudd ya furta cikakkiyar *apology* a majalisa kan 'ya'yan da aka ƙwace daga iyayensu. Tsoron biyan diyya ne ke hana furta kalmar, har wasu ƙasashe suka yi doka don cire wannan tsoro. Dokar biyan diyya ta 2006 a Ingila da Wales ta tanadi cewa ba da haƙuri shi kaɗai ba ya zama amsa sakaci. A nan Hausa ba ta da talauci ko kaɗan: jajantawa, nuna takaici, nadama, ba da haƙuri da neman gafara duk a rabe suke. Abin da ake bukata shi ne mai fassara ya daina cewa wata ƙasa "ta nemi afuwa" alhali takaici kawai ta nuna, domin waɗanda aka zalunta suna sauraro, kuma su ne suka fi kowa sanin abin da aka hana su.

Afuwa da komawar zumunci

*Pardon* yafiya ce daga shugaba ga mutum guda, kamar wadda Shehu Shagari ya yi wa Odumegwu Ojukwu a 1982. *Amnesty* ta rukunin mutane ce, asalinta daga Girkanci take da ma'anar mantuwa, kuma ita ce Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shelanta wa tsagerun Neja Delta a Yunin 2009 bisa sharaɗin ajiye makamai. Duka biyun ikon hukuma ne. *Forgiveness* kuwa ta wanda aka cuta ce, babu gwamnatin da za ta iya bayar da ita a madadinsa. Akwai kuma iyaka ga afuwar hukuma: lokacin yarjejeniyar Lome ta 1999 kan yaƙin Saliyo, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ya rubuta cewa afuwar ba ta shafi kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi da na cin zarafin bil'adama ba.

Hukumar gaskiya da sasantawa ta Afirka ta Kudu, wadda dokar 1995 ta kafa kuma Desmond Tutu ya shugabanta, ta raba waɗannan abubuwa ta hanyar da ta ba mutane da yawa mamaki. Sharaɗin samun *amnesty* shi ne mutum ya fayyace duk abin da ya aikata, kuma ya kasance manufar siyasa ce ta sa shi. Ba a sharɗanta nadama ba. Cikin masu nema fiye da 7,000, 849 ne suka samu. Saboda haka an ga wanda hukuma ta yafe wa alhali iyalan mamaci ba su yafe ba, an kuma ga akasin haka. Iyalan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar da ya mutu a hannun 'yan sanda, suna cikin waɗanda suka kai ƙara Kotun Tsarin Mulki suna ƙalubalantar tanadin afuwar, kotun ta tabbatar da shi a 1996.

*Reconciliation* ita ce mafi faɗin kalmomin duka, kuma ita ce doka ta fi kasa kamawa, domin tana nufin dangantakar da ta tsinke ta koma. Yakubu Gowon ya sa ta cikin manufofi uku da ya shelanta bayan yaƙin basasa a 1970, tare da *rehabilitation* da *reconstruction*. Biyun na ƙarshe ana iya ƙirga su da gadoji da asibitoci da albashin da aka mayar, ta farkon kuwa babu ma'aunin da hukuma za ta auna ta da shi. Kalmar tana da wasu gidaje: akanta na amfani da ita wajen daidaita littafinsa da takardar banki, cocin Katolika kuma na kiran ibadar furta zunubi da ita. Inda ma'anarta ta fi fita sarai shi ne dokar aure. Rahoton kwamitin Finer na 1974 a Birtaniya ya raba *reconciliation*, wato ma'aurata su koma zama tare, da *conciliation*, wato a taimake su su rabu ba tare da tashin hankali ba, su daidaita kan riƙon 'ya'ya da dukiya. Dokar shari'o'in aure ta Najeriya ta 1970 ta ɗora wa kotu duba yiwuwar ta farkon kafin ta raba aure. A Hausa ta farkon ita ce manufar biko, lokacin da dangin miji suka je gidan iyayen matar da ta yi yaji don a mayar da ita ɗakinta. Ta biyun kuwa ita ce zaman da ake yi bayan saki ya tabbata, a gaban waliyyai ko mai unguwa ko alƙali, a kan kayan ɗaki da ciyar da yara da wanda zai riƙe su.